Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Zaman Ɗalibi a Ƙasar Waje



Abin da za a tattauna a wannan lacca shi ne zaman ɗalibi a ƙasar waje, watau inda yake kwana, da abin da yake ci, da yadda kuɗi ke isa hannunsa, da kuma takardun da ke riƙe da shi a ƙasar da ba tasa ba. Maganar darussa da jarrabawa ba za a taɓa ta ba sai kaɗan. An ɗauki ƙasar Kebbe da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato, don a kafa misali da ita, domin ƙasa ce ta manoma da makiyaya, inda kuɗin karatun yaro ke fitowa daga rumbu da garke, sa'an nan kuma ƙasa ce wadda makarantunta suka daɗe da fitar da mutanen da suka ƙetare iyaka neman ilmi. Duk wanda ya zauna da waɗanda suka tafi suka dawo hannu Rabbana, ya saurari labarinsu, da wuya ya ji wanda littafi ya kayar. Galibinsu abin da ya kayar da su rashin mai masauki ne, wanda zai tsaya musu a ranar da kuɗi suka yanke ko takarda ta mutu.

Mai Masauki a Zamanin Da

Bahaushe ya daɗe da sanin tafiya, ya kuma daɗe da sanin cewa da ɗan gari akan ci gari. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa faɗa wa gari haka kawai. Kowane ayari yana da fatoman da zai sauke shi a zango, ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso, har ma ya lamunce masa bashi. Almajiri ma haka yake. Ba ya zuwa gari sai wurin malami sananne, kuma malamin nan shi ne ubansa har ranar da zai sallame shi.

Wannan tsari ya bi matafiya har Masar. Masanin tarihi Maƙrizi ya ambaci wata makaranta a Alƙahira, Madarasar Ibn Rashiƙ, wadda mutanen Kanem suka ba da dukiyar gina ta wajen shekarun 1240, suka kuma riƙa aika mata da kuɗi, don alhazansu da ɗalibansu su sami wurin sauka. Daga baya Barnawa suka sami nasu sashe a Masallacin Azhar. Haka kuma Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina masanin lissafi da taurari, da ya yi aikin hajji ya sauka Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti ya zauna, a nan ya rasu a 1741, kuma mai gidan ne ya ɗauki nauyin jana'izarsa, ya riƙe littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta labarinsa a cikin tarihinsa na Masar. Da Bakatsinen nan bai sami irin wannan masauki ba, da wataƙila ko sunansa bai iso wannan zamani ba.

Daga Dogon Daji Zuwa Bakin Nilu

A cikin shekarun 1930 makarantar elementare ta Dogon Daji, a ƙasar Tambuwal, ta haɗa yara biyu waɗanda daga baya duniya ta san su. Ɗaya shi ne Ibrahim Dasuƙi, ɗan Sarkin Yamma Haliru, daga zuriyar Buhari ɗan Shehu, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Ɗayan kuwa shi ne Abubakar Mahmud, ɗan Alƙalin Gummi, garin da ke maƙwabtaka da Kebbe. Malam Abubakar Gumi ya wuce Midil ta Sakkwato, ya yi Makarantar Shari'a ta Kano, ya koyar a Maru, sa'an nan a 1954 aka tura shi Sudan tare da wasu abokansa, cikinsu har da Malam Haliru Binji da Malam Shehu Galadanci, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato a 1975.

Makarantar da aka kai su, Bakhtur-Ruda, ta horon malamai ce, an kafa ta a 1934 kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, kudu da Khartum, kuma da gangan aka kafa ta a karkara don malamai su saba da zaman ƙauye. Abin lura a nan shi ne, Gwamnati ce mai masaukin waɗannan ɗalibai. Ita ta biya kuɗin jirgi, ta tanadi ɗaki da abinci, ta yanka musu alawus. Amma mai masauki yana da nasa sharaɗi. Zukatan masu karatun Larabci a lokacin Azhar suke so, Turawan mulki kuwa suna tsoron siyasar Masar ta zamanin Jamal Abdul Nasir, don haka suka zaɓi Sudan, inda a lokacin suke da hannu. Sai dai dabarar ba ta cika ba, domin ɗaliban sun tarar da Sudan tana bakin ƙofar mulkin kai, wanda ta samu ran 1 ga Janairu, 1956, suka ga abin da ake ɓoye musu da idonsu. Daga can ne kuma Malam Abubakar ya je hajji a 1955, ya haɗu da Sardauna Ahmadu Bello, haɗuwar da ta kai shi ga zama jami'in alhazai a Jidda, har ya zama Babban Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Ban da Gwamnati, Bahaushe ko Bafillace a Sudan bai rasa ɗan gari ba. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Ga kuma zuriyar alhazan da suka bi ta ƙasa suka zauna a hanya. Abincin ma bai yi nisa da na gida ba, domin asida 'yar'uwar tuwo ce, kisra kuwa da dawa ake yin ta.

Waɗanda aka tura Ingila ba su sami wannan sauƙi ba. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, lokacin da ƙasar ke fama da ƙuncin bayan yaƙi. Da kati ake sayen abinci, har burodi sai da aka sa masa ma'auni a 1946, kuma sanyin farkon 1947 ya zo da ƙarancin kwal, ɗakuna suka zama kamar randa. Masu gidajen haya da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ya jagoranci kafawa a 1925, ta buɗe gidan saukar ɗalibai a Landan a 1933. Watau da ba su sami fatoma ba, sai suka zama fatoman junansu.

Kuɗi

Yau abin ya sake kama. Wanda ke fara zuwa ƙofar gida da maganar karatun waje, sau da yawa dillali ne, da wayarsa cike da hotunan gine-gine. Yakan yi kama da fatoma, ga fara'a, ga alkawari, amma akwai bambanci babba. Fatoma yana zaune a garin da baƙo zai sauka, kuma mutuncinsa yana rataye da lafiyar baƙonsa. Dillalin makaranta kuwa la'adarsa yake karɓa ranar da aka biya kuɗin rajista, daga nan sai a yi ta buga waya ba a samunsa. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai masu amana, amma ko mai amanar ba shi zai zauna da yaro shekara shida ba.

A nan ne magidanci a Kuchi ko Sanyinna yake yin lissafin da ke jefa gida cikin wahala. Yakan tara 'yan'uwa, a sayar da bijimai biyu, a fitar da buhunan gero da shinkafa, wani lokaci a jinginar da fadama, a haɗa kuɗin shekarar farko da na jirgi, a ce sauran Allah zai kawo. Tawakkali abu ne mai kyau, amma makarantar da dala take karɓa, shi kuwa da naira yake sayar da hatsi. Har zuwa farkon watan Yuni na 2023, farashin dala a banki wajen naira 460 ne. A tsakiyar watan Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. A ɗauka, alal misali, kuɗin makaranta dala 5,000 ne a shekara. Uban da ya yi lissafi a kan naira miliyan 2.3 sai ya wayi gari ana nemansa da miliyan 7.5, alhali makaranta ba ta ƙara masa ko sisi ba, garkensa kuma bai ninka uku ba. A watan Mayu na 2024 labari ya bazu cewa an dakatar da ɗaliban Nijeriya da dama a Jami'ar Teesside ta Ingila saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, har hukumar shige da fice ta umarci wasunsu su bar ƙasar. Waɗannan ba malalata ba ne, ajiyarsu ce ta narke a banki suna kallo.

Kada kuma wanda Gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya saki jiki. Akwai tsarin musayar ɗalibai tsakanin Nijeriya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungari, inda ƙasar da aka je take ɗaukar karatu, Nijeriya kuwa take biyan alawus. A 2024 aka rage alawus ɗin daga dala 500 a wata zuwa dala 220, bayan an shafe watanni ba a biya ba, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar daina tura sababbin ɗalibai ta wannan hanya. Mai masaukin da ya riƙe mutanen Bakhtur-Ruda da hannu biyu, yanzu da yatsa yake riƙo. Saboda haka lissafin da ya kamata a yi kafin a taɓa garke shi ne na dukan shekarun karatun, da kuɗin ƙasar da za a je, a haɗa da haya da abinci da magani da sabunta takardu da jirgin dawowa, sa'an nan a ware guzurin wata uku ko huɗu wanda ba a taɓa shi sai ranar da aike ya yanke. In lissafin nan bai fita ba, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan a Sakkwato, kuma babu abin kunya a cikin shigarta.

Akan ce ai yaro zai yi aiki a can ya riƙe kansa. A Ingila doka ba ta yarda ɗalibin jami'a ya wuce awa 20 a mako yana aiki ba lokacin da ake karatu, kuma tun kafin a ba shi biza sai ya nuna kuɗin zamansa sun kwana 28 a banki, ya kuma biya harajin lafiya, wanda aka mai da fam 776 a shekara a 2024. A wasu ƙasashen kuwa ba a yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin albashi ba sam. Daɗin daɗawa, ranar da yaro ya aiko da hotonsa cikin babbar rigar sanyi a gaban wani dogon bene, ran nan za a fara aika masa da saƙon kuɗin taki da na biki da na suna. Kunya ba za ta bar shi ya ce shayi da burodi ya kwana a kai ba. Sai ya ƙara awoyin aiki a ɓoye, ya rage zuwa aji, daga nan kuma sai maganar takarda ta taso.

Takarda, Tukunya da Harshe

A gida mutum yakan shekara ba wanda ya tambaye shi shaidar ko shi wane ne. A waje kuwa takarda ita ce mutum. Fasfo yana da ranar mutuwa, biza tana da tata, izinin zama, wanda ake kira iƙama a ƙasashen Larabawa, shi ma yana da tasa, kuma ba sa mutuwa rana ɗaya. Ofishin jakadancin da zai sabunta fasfo yana babban birni, ɗalibi kuwa wataƙila tafiyar yini guda ce tsakaninsu. A Ingila jami'a ce ke tsaya wa ɗalibi a wurin hukuma, ita ce kuma ke kai rahotonsa in ya daina zuwa aji ko aka cire shi daga rajista. Mai hankali yakan rubuta ranakun nan a bangon ɗakinsa, ya fara neman sabuntawa tun da sauran watanni, ya ɗauki hoton kowace takarda ya ajiye a wayarsa, ya aika da kwafi gida. Fasfo kuwa ba a ba kowa ajiyarsa, ko dillali ko mai gidan haya.

Maganar ciki ba ƙarama ba ce. Yaron da tun haihuwarsa bai taɓa hura wuta ba, uwa da ƙanne mata ke kai masa akushi, shi ne zai tsaya gaban tukunya. Wata guda a madafar gida kafin tafiya ya fi masa sabuwar akwati amfani. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji suna daɗewa, kuma da garin shinkafa ko na alkama ana tuƙa abin da zai tsaya a madadin tuwo. Amma kilishi da man shanu, waɗanda su ne tsarabar da uwa ta fi so ta cusa a kaya, dokar Ingila da ta Amurka ba ta yarda a shiga da nama irin wannan ba, Ingila kuma ta haɗa har da kayan madara, a filin jirgi ake ƙwace su. Azumi ma yana da nasa hali. A shekarun 2015 da 2016, da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, masu azumi a Landan sun riƙa yin wajen awa 18 kafin su sha ruwa. Da hunturu kuwa rana takan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su taru cikin lokacin darasi.

Harshe shi ma yakan ba da mamaki. Wanda ya haddace Alfiyyar Ibn Malik a zauren Tambuwal zai sauka Alƙahira ya ga mai kanti yana murmushi in ya yi magana, domin Larabcin kasuwa daban ne, har burodi ma aish suke ce masa, kalmar da shi ya sani da ma'anar rayuwa. Mai zuwa Rasha kuwa shekara guda yake yi yana koyon harshe kafin ya taɓa darasin da ya kai shi. Wanda ya maƙale cikin 'yan ƙasarsa kaɗai ba zai iya harshen ba, wanda kuma ya guje su gaba ɗaya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kaɗaici a ɗakin da ba a jin sallama ko kiran salla ciwo ne na gaske, kuma ba a cika faɗarsa a waya ba.

Ranar da Gari ya Rikice

Ran 24 ga Fabrairu, 2022, Rasha ta auka wa Yukren, inda ɗaliban Nijeriya fiye da 4,000 ke karatu, da yawansu na likita. Suka bazama iyakokin Polan da Romaniya da Hungari cikin tsananin sanyi, wasu aka ture su daga jiragen ƙasa saboda launin fatarsu, har Tarayyar Afirka ta fito ta yi magana. Waɗanda ke birnin Sumi sai da suka yi kusan mako biyu a tsare kafin a buɗe musu hanya. Shekara guda bayan haka, ran 15 ga Afrilu, 2023, cikin watan azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Sudan ce ƙasar da iyaye a Arewa suka fi sakin jiki da ita, musamman wajen tura 'ya'ya mata karatun likita, saboda addini da kusancin al'ada. Aka kwashi ɗalibai a motocin safa zuwa iyakar Masar, wasu motocin suka tsaya a cikin hamada saboda rigimar kuɗi da direbobi, aka kwana da kwanaki a bakin iyaka kafin a bar su su wuce Aswan, wasu kuma aka bi da su ta Port Sudan. A farkon watan Mayu jiragen farko suka sauka Abuja, daga ƙarshe aka dawo da mutane fiye da 2,000.

A irin wannan rana aka ga amfanin ɗan gari na zamani. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai su suka tattara sunaye, suka san wanda ke wace unguwa, suka yi magana da ofishin jakadanci. Wanda sunansa ke cikin rajista, fasfonsa na aljihunsa, yana da 'yan kuɗi a hannu ba a banki ba, shi ya fara samun kujera. Saboda haka abin da ya kamata sabon ɗalibi ya fara yi a makon da ya sauka shi ne ya kai sunansa ofishin jakadanci da ƙungiyar ɗalibai, ya nemi wani babba da ya riga shi zuwa, ya san limamin masallacin unguwarsu. A gida ma, masu faɗa a ji na Kebbe da Tambuwal za su iya riƙe littafi guda mai sunan duk ɗan ƙasar da ke karatu a waje, da garin da yake, da sunan wanda ya riga shi can, yadda mai shirin tafiya zai fara jin gaskiya daga bakin ɗan'uwansa kafin ya ji ta dillali. Wani darasin kuma shi ne na sakamakon jarrabawa. Da yawa daga waɗanda suka dawo daga Sudan sun bar shaidar shekarun da suka yi a ofisoshin da aka rufe, suka sha wuya kafin jami'o'in gida su san ajin da za su sa su. Karɓar takardar sakamako a ƙarshen kowace shekara, a aiko da kwafinta gida, aikin yini ɗaya ne.

Dawowa

Saura takardar da aka je nema. Ba kowace shaidar digiri ce Nijeriya ke karɓa ba. Wanda ya gama a waje sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya shiga hidimar ƙasa. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, a farkon Janairun 2024 kuma Gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Mai karatun likita kuwa, ko daga ina ya fito, sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Likita ta Nijeriya kafin ya taɓa majinyaci, kuma a zaman da aka yi a watan Yuli na 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su ci ba. Hukumar ta kuma bayyana tun 2022 cewa ba za ta karɓi karatun likitan da aka yi ta intanet daga Yukren ba.

Duk waɗannan hukumomi suna da ofisoshi a Abuja, kuma ana iya tambayarsu matsayin makaranta tun kafin a biya ta ko kwabo. Kuɗin motar zuwa daga Tambuwal da dawowa, har da kwana biyu a can, bai kai kuɗin ɗan maraƙi ɗaya ba.